Gayyatar cin abinci a Tibilisi: me za a ci, me za a bari?

Sadiq Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mai gidan da muke haya, wani dattijo ne mai kirki, ya ce ranar Asabar zai kai mu gidan abinci a tsohon gari, ni da abokin zamana, mu ci abincin Jojiya na asali, wai ya gaji da ganinmu da ledar shawarma. Ni kuwa tun zuwana ƙasar nan ban wuce gidajen abincin Turkawa na wajen Marjanishvili ba, sai taliyar da nake dafawa a ɗaki. In na ƙi zuwa na yi wa dattijo rashin kunya, in na je kuma ina tsoron alade. Manyanmu da suka daɗe, me zan ce a kawo mini?

Ɗan Gwandu:
Wa alaikumus salam. Burodi da ruwa. In ya yi magana ka ce likita ne ya hana ka.

Yaya Bashir:
Ɗan Gwandu, bar zolayar yaro. Sadiq, ka je. Abincin mutanen nan ya fi abin da kake zato yawa, kuma rabinsa ba ruwansa da nama sam.

Bari in fara da abin gudu. Mtsvadi, wato gasasshen namansu na tsinke, in ba a ce maka komai ba to alade ne, musamman irin na yankin Kakheti. Ojakhuri, nama da dankali soyayye a kasko, alade ne. Kupati, tsiran hanji ne, alade. Kubdari na mutanen Svaneti burodi ne da nama a ciki, wani na sa, wani na alade, wani gauraye, ba ka ganewa da ido. Sai babban tarko, khinkali, ƙullin fulawa mai nama a ciki da ake dafawa a ruwa. Wanda aka fi sayarwa a birni, mai suna kalakuri, yawanci naman sa ne aka haɗa da na alade, don kitsen ya ba shi romo.

Wanda za ka ci hankali kwance kuwa: khachapuri, burodi ne da cuku. Pkhali, alayyafo ne ko wani ganye da aka niƙa da wolnot, wata irin gyaɗar bishiya, da tafarnuwa, aka dunƙula, aka yafa 'ya'yan rumman a kai. Badrijani, dogon yalon nan baƙi, a yanka shi fale-fale a soya, a shafa masa niƙaƙƙen wolnot a naɗe. Lobio, wake a 'yar tukunyar ƙasa, ana cinsa da mchadi, wainar masara. Naman kaza, wato mushroom ɗin nan mai tsirowa a ƙasa, da cuku a kasko. Ga kifin ruwan dutse, kalmakhi. Wallahi da waɗannan kaɗai sai ka kasa tashi daga kujera.

Halima Jos:
Yaya Bashir, a ƙara masa da yadda ake tambaya, don a nan ake faɗawa rami. Ni na taɓa tambayar wata mai hidima a wani gidan abinci, na ce khinkalin nan naman sa ne? Ta ce e. Har an kawo, ƙawata 'yar ƙasa ta sake tambayarta da yarensu ko akwai alade a ciki, ta ce e, akwai, kaɗan ne. A ganinta ba ƙarya ta yi mini ba, ai da naman sa a ciki. Saboda haka kar ka ce "na sa ne?" Ka ce "akwai alade?" Sunansa ghori. Ka riƙe wannan ko da ba ka iya komai ba a yaren.

Sadiq Funtuwa:
Subhanallahi. Anti Halima, kin ci kuwa?

Halima Jos:
Allah ya kiyaye, ko taɓawa ban yi ba. Aka mayar, aka kawo mini na dankali.

Maman Hanif:
Sannunku. Ni abin da ya sauƙaƙa mini zama a garin nan shi ne azuminsu. Kiristocin nan 'yan Orthodox ne, kuma masu riƙo da addini a cikinsu ba sa cin nama, ba ƙwai, ba madara duk ranar Laraba da Juma'a, ga dogon azumin da suke yi kafin Ista, ga na kwana 40 kafin Kirsimetinsu da ke zuwa 7 ga Janairu. Don haka gidajen abinci da yawa suna da sashe guda a takardar abinci mai suna samarkhvo, abincin masu azumi. Duk abin da ke ƙarƙashinsa babu nama, babu kitsen dabba. In ka faɗi kalmar nan mai hidima ya gane nan take, ba sai ka tsaya kana bayanin halal da hannu ba.

Kuma Yaya Bashir, a gafarce ni, lobio ɗin ma a riƙa tambaya. Mutanen Racha suna dafa wakensu da busasshen naman alade mai hayaƙi, haka lobiani, burodin wake, akwai nasu mai shi a ciki. In ka ga an rubuta "rachuli" a gefen wake, ka tsallake.

Yaya Bashir:
Gaskiyarki Maman Hanif. Na gode.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Kowa yana ta maganar alade, an bar abin da ya fi zama ruwan dare a teburinsu, wato giya. Mutanen nan alfaharinsu ke nan. Masu tonon tarihi sun samo ɓurɓushinta a tulunan ƙasa a kudu da Tibilisi, na wajen shekara 8,000 da suka wuce, kuma a 2013 UNESCO ta sa yadda suke haɗa ta a tulun qvevri da ake binnewa a ƙasa cikin al'adun duniya da ake karewa. Ku ɗaga kai ku dubi mutum-mutumin matar nan da ke kan tudun Sololaki, Kartlis Deda: hannu ɗaya takobi don maƙiyi, ɗayan kwanon giya don baƙo. Dattijon da ya gayyace ka, a tunaninsa bai karrama ka ba in bai zuba maka ba. Akwai kuma hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ni shawarata Sadiq ya ba da uzuri.

Na biyu, har cikin girki suna sa ta. Chakapuli, naman ɗan rago da tarkhuna, wani ganye mai ƙamshi, da farar giya ake dafa shi. Mutum zai ga rago ya saki jiki.

Abba Batumi:
Ustaz, batun chakapuli haka yake, ban musa ba. Amma "ya ba da uzuri" ɗin nan ya yi tsauri. Ana magana kamar mutanen nan ba su taɓa ganin Musulmi ba. A ƙidayar 2014 kusan kashi 11 cikin 100 na ƙasar Musulmi ne. Nan Adjara inda nake, Daular Usmaniyya ce ta riƙe yankin har 1878, kuma har yau ƙauyukan kan dutse cike suke da masallatai. Ga Azarawa, 'yan asalin Azabaijan, a Marneuli, ga mutanen Pankisi. Masallacin Juma'ar da kuke zuwa a Abanotubani, a tsakiyar tsohon garin yake, 'yan Sunna da 'yan Shi'a suna salla a cikinsa. Dattijon da ya girma a Tibilisi ya san akwai wanda ba ya sha. Sadiq ya same shi tun kafin Asabar, ya ce Baba, mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba ma shan giya, kuma za mu fi sakewa in babu ita a teburin. Sau da yawa sukan yarda, barin ma da rana.

Ustaz Nura:
In ya yarda babu ita a teburin, ai magana ta ƙare, ba ni da ja. In kuma ya ce shi zai sha nasa fa?

Abba Batumi:
Nan kam kowa ya san malaminsa.

Ustaz Nura:
Hadisin dai bai ce sai in kai ne mai sha ba.

Yaya Bashir:
Ku tsaya. Akwai bambanci tsakanin abin da Sadiq zai je da abin da Ustaz yake hangowa. Wanda Ustaz yake nufi shi ne supra, babbar walimarsu ta biki ko suna ko rasuwa. A can akan naɗa mutum guda, tamada, shi ne sarkin tebur. Zai miƙe ya yi jawabi a kan zaman lafiya, a kan ƙasa, a kan iyaye, a kan waɗanda suka rasu, a kan yara, kowane jawabi a ce gaumarjos a ɗaga kofi. Wani lokaci da ƙaho ake sha, ƙahon da ba ya ajiyuwa sai an shanye. Mutum-mutumin nan na tagulla da ke zaune riƙe da ƙaho kusa da titin Shardeni, wanda kuke ɗaukar hoto da shi, tamada ne, an kwaikwayo shi daga wani ɗan ƙarami da aka tono a Vani, na ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Irin wannan zama yakan ɗauki sa'o'i, kuma giyar ce ginshiƙinsa. Ni kaina ba na zuwa, sai dai in je in yi gaisuwa in fito.

Amma mutum uku a gidan abinci da tsakar rana ba supra ba ne. Ka gaya masa da wuri kamar yadda Abba ya ce. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a kawo abu gabanka ka ture ba bayani. In ya san dalili tun farko, shi da kansa zai tsaya yana yi wa mai hidima faɗa a kanka. Suna da karin magana cewa baƙo daga Allah yake, kuma da gaske suke yi.

Abin sha kuwa ba a rasa ba. Ka ce a kawo lemon tarkhuna, koren nan shar, ko na ɗan itacen pear. Akwai ruwan Lagidze, wanda wani mai haɗa magani Mitrofan Lagidze ya fara a Kutaisi a 1887. Ga Borjomi, ruwan ma'adini mai gishiri-gishiri, wanda sabon zuwa kan yamutsa fuska a kurɓar farko. Abu ɗaya: in ka ji an ce chacha, ba rawa ba ce, barasa ce mai ƙarfin gaske.

Ɗan Gwandu:
Borjomi kam ruwan kanwa ne aka sa wa kwalba, kar a yaudari yaro.

Maman Hanif:
Kai dai ba ka da ta ido. Bayan cuku da man shanu shi ne maganin ciki.

Ummi Kazaure:
Tambayata ga Ustaz. Kajinsu fa da naman sa? Na ji ana cewa yankan Ahlul Kitabi halal ne. Ina son shkmeruli, kazar nan da ake soyawa a nutsa ta cikin miyar tafarnuwa da madara, kullum ina ganinta a teburin mutane tana tafasa a kasko, ƙamshi kamar ya kashe ni.

Ustaz Nura:
Malama Ummi, ayar tana nan a Ma'ida, aya ta 5, abincin waɗanda aka ba Littafi halal ne gare mu. Inda malamai suka rabu shi ne naman zamanin nan na masana'anta: wa ya yanka, yaya aka yanka, dabbar tana da rai lokacin yankan ko ta riga ta mutu. Wasu sun sauƙaƙa a ƙasar da mafi yawanta Kiristoci ne, wasu sun ce sai an tabbatar. Ni ina tare da na biyun, tunda naman halal ba wuya yake ba a garin nan, ga mahauta Azarawa da Turkawa. Amma ba zan ce wanda ya bi ɗaya fatawar ya ci haram ba. Alade da giya ne babu saɓani.

Tun kafin a tambaya: ruwan khal, wato vinegar, da suke sa wa pkhali da kayan tsami ba komai. Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci.

Halima Jos:
Ni damuwata ba yanka ba ce, tukunya ce. Khinkalin dankali da na naman kaza, a wace tukunya ake dafa su? In ruwa ɗaya ne da na alade, kuma kun san wani yakan fashe a ciki, to ina amfanin? Haka waya ɗaya ake gasa alade da kaza.

Yaya Bashir:
Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ta danganta da gidan. Na gashi kam ni na haƙura da shi sai a wurin halal. Na tukunya, a tambaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a kan abin tanderu da abin sanyi, khachapuri da shoti, dogon burodin nan da ake mannawa a bangon tanderu, da pkhali da badrijani da salak ɗin tumatir da kokwamba mai wolnot.

Maman Hanif:
Tunda an zo kan khinkali, bari in faɗi yadda ake ci, don akwai wuraren da ke yin na halal da naman sa ko na rago, kuma ba na son ɗanmu ya ba da mu. Asalinsa abincin mutanen kan dutse ne, wajen Pshavi da Mtiuleti da Khevsureti, da naman tunkiya suka saba yi. Sirrinsa romo. Ana niƙa nama da albasa, a zuba ruwa a cikin naman ana juyawa har ya sha, sannan a ɗora a kan faifan kwaɓaɓɓiyar fulawa a tattare bakin, ninki bayan ninki, a murɗe shi ya yi ɗan tsiro a sama. In ya shiga tafasasshen ruwa, ruwan nan na cikin nama ya zama romo, a kulle, ba hanyar fita.

To ka ga wanda ya soka masa cokali mai yatsu ya zubar da abin da aka sha wahala a kai. Da hannu ake ci. Ka bari ya ɗan huce, ka barbaɗa masoro, ka kama tsiron, ka juya shi ciki ya kalli sama, ka ɗan gatsa gefe, ka zuƙe romon tukuna, sannan ka ci sauran. Tsiron ba a cinsa, ƙullu ne mai tauri, a gefen faranti ake ajiyewa, da shi ake ƙirga nawa kowa ya ci. Ba a sa masa miya, ba a sa masa ketchup, in ka nema za a dube ka. Da ɗai-ɗai ake sayarwa, yawanci daga biyar ake farawa. In ya yi saura ya huce, ka ce a soya maka shi, wani daɗin ne daban.

Ɗan Gwandu:
Ni ina cinye tsiron. Kuɗina ne.

Maman Hanif:
Shi ya sa ba a san adadin da kake ci ba.

Abba Batumi:
Sadiq, in za a kawo khachapuri ka ce adjaruli, namu na nan. Siffar kwalekwale gare shi, cuku na tafasa a tsakiya, ga gwaiduwar ƙwai ɗanya da curin man shanu a kai. Da zafinsa za ka juya su su haɗe, ka riƙa gutsuro bakin burodin kana dangwala. Imeruli da megruli duk bayansa suke.

Yaya Bashir:
Son kai dai, Abba. Adjaruli na mutum ɗaya ne, kuma in ya gama da shi ba zai iya taɓa komai ba, dattijo ya ga kamar an raina sauran abincin. A teburin taro imeruli ya fi, mai faɗi, cukun a ciki, a yanka kowa ya ɗauka. Megruli shi ne mai cuku ciki da waje. Kuma Sadiq ka sani, ba kowa da farantinsa ake yi ba. Komai tsakiyar tebur ake jerawa, ana ta kawowa ba tsari, har a ɗora faranti kan faranti. Ka ci kaɗan-kaɗan. Da ka share farantinka za a sake cika maka.

Sadiq Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaji fa? Abokin zamana ya ce zai tafi da yajin ƙuli a aljihu.

Ummi Kazaure:
Kar ya soma! Ku nemi ajika, niƙaƙƙen barkono ne da tafarnuwa da gishiri, daga yammacin ƙasar. Mutanen Samegrelo su ne masu cin yaji a nan. Su ne ma masu ghomi, wanda in aka ajiye maka ka rantse tuwon masara ne, sai dai su yankan cukun sulguni suke cusawa a ciki ya narke. In aka tuƙa shi da cukun gaba ɗaya har yana jan zare, ya zama elarji. Akwai kuma tkemali, miyar wani ɗan itace mai tsami, tana tafiya da dankali da kifi.

Abin da ya fi ba ni wahala da farko ganyen kinza ne, wato coriander, wanda suke watsawa a kusan komai. A bakina kamar sabulu.

Yaya Bashir:
Wannan ba laifinki ba ne, Ummi, gado ne. Akwai ƙwayar halittar sansanar ƙamshi, OR6A2, da aka danganta da masu jin kinza kamar sabulu. Wanda kuma jikinsa ba ya son wolnot ya faɗa tun a bakin ƙofa, don yana cikin pkhali, badrijani, satsivi, wani kharcho ɗin, har da churchkhela da kuke gani rataye a kasuwa kamar kyandir. Wannan ba wasa ba ne, kumburin maƙogwaro ba ya jiran a gama gaisawa.

Ɗan Gwandu:
An fara lacca. Yaya Bashir, batun kuɗi fa? Yaro ya tafi da lari nawa?

Yaya Bashir:
Wanda ya gayyata shi ke biya, kar ma ka kai hannu aljihu, zai ji kamar ka zage shi. Ka ce madloba, wato na gode, ka yaba abincin, in ka samu hali wata rana ka aika masa da wani abu na gida. In kuma ku kaɗai kuka je wani lokaci, ku duba ƙasan takardar abincin, gidaje da yawa suna ƙara kuɗin hidima a kan abin da aka rubuta.

Ustaz Nura:
Ni dai ina nan kan bakata a batun tebur. A gaya masa tun yau, kar a bari sai an zauna.

Abba Batumi:
A wannan kam mun haɗu, Ustaz.

Maman Hanif:
Masu son khinkali ba tare da tambayar tukunya ba, ranar Lahadi bayan la'asar zan yi a gida, Baban Hanif zai sayo naman rago wurin Azarawa. Mata su zo da wuri a koyi naɗi. Ɗan Gwandu, kai za ka kawo fulawa, kilo biyu.